Kan injin motata ya tsage a hannun ƙanin matata: in yi walda, in canza, ko in sayar?

Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a nan Maradi, shekarata 34, ina da shagon sayar da wayoyi. Bara Allah ya cika mini burin da na daɗe da shi, na sayi BMW Z4 mai kujera biyu, ƙirar 2004, mai silinda shida. Mahaifina bai so ba tun farko, ya ce motar yara ce. Watan jiya ƙanin matata ya are ta don rakiyar ango zuwa Tasawa. A hanyar dawowa, da tsakar rana, ta ɗauki zafi bayan ya wuce Gazawa. Ya tsaya ya ɗura mata ruwan sanyi, ya ci gaba da lallaɓowa yana tsayawa yana ƙara ruwa har ya iso gida, bai kira ni ba. Washegari sai farin hayaƙi a salansa, baƙin mai kuma ya koma kamar kunun gyaɗa. Makanikinmu, dattijo ne abokin mahaifina, ya kwance ya ga tsaga a kan injin. Ya ce a kai wa mai walda, jaka 60 ta isa, kwana uku in hau motata. Wani matashin makanike kuma ya ce walda ɓata kuɗi ce, a sayo na Beljiyam daga Kano, ko ma inji sukutum, kuɗin ya ninka wancan fiye da sau biyar. Abin da ke hannuna jarin shago ne na kayan Sallah. Matata tana kuka tana cewa in sayar kowa ya huta, ƙaninta kuma ya daina ɗaukar wayata. Zan faɗi gaskiya: tun kafin in ba shi, kusan kowane mako ina ƙara mata ruwa, kuma ban gaya masa ba. Ina jin haushinsa, ina jin kunyar dattijon nan, kuma ba na son rabuwa da motar. Yaya zan yi?
Wani ɗan'uwa daga Maradi

Wa alaikumus salam ƙanena. Allah ya mayar maka da alheri, ya kuma sanyaya maka zuciya. Kafin komai ka gode wa Allah da yaron nan ya dawo da ƙafarsa. Mota mai gudu, hannun matashi, rakiyar ango a kan babbar hanyar Damagaram, ka san labarin da aka saba ji ya fi wannan muni nesa ba kusa ba. Kuma kada ka ji kunyar cewa kana son motar. Ka yi gumi ka saya da halalinka, ba laifi ba ne mutum ya so abinsa.

Abin da na gani a wasiƙarka shi ne ka haɗa magana uku a ƙullin guda: maganar ƙarfe, maganar kuɗi, da maganar zumunta. Shi ya sa kan ka ya ɗaure. Kuma dukkan mutanen da ke kewaye da kai sun riga sun yanke hukunci alhali har yanzu ba a gama binciken injin ba. Dattijo ya ga tsaga da idonsa, gaskiya ne. Amma tsagar da ido ya gani ba ita kaɗai ce ɓarnar da zafi ke yi wa irin wannan injin ba.

Bari in yi maka bayanin abin da ya faru a cikin motarka, don kada kowa ya juya ka da baki. Kan inji, wanda makanikanmu ke kira kulas, a Kano kuma ka ji ana cewa top silinda, shi ne murfin da ke zaune a kan silindoji. A cikinsa bawul-bawul suke, naka guda 24 ne, huɗu ga kowace silinda, kuma a cikinsa aka ratsa hanyoyin ruwa da na mai, wasu tsakaninsu da wutar da ke ci a silinda bai wuce kaurin ɗan yatsa ba. Injinka, wanda kamfanin ke kira M54, kansa na alminiyam ne, doguwar gangar da ke ƙasa ma ta alminiyam ce. Alminiyam ba ya da nauyi, yana fitar da zafi da sauri, amma ba shi da haƙurin baƙin ƙarfe. In ruwa ya ƙare, yana kumbura ya bauɗe. In kuma aka watsa masa ruwan sanyi yana cikin wannan hali, ɓangaren da ruwan ya taɓa ya tsuke nan take, na kusa da shi yana nan a kumbure, sai ya dare a inda ya fi siranta, galibi tsakanin mazaunin bawul da hanyar ruwa. Ka taɓa ganin an zuba ruwan randa a kofin gilashi da aka gama shan shayi a ciki? To haka ne. Ta wannan tsagar ruwa ke shiga silinda ya fita a farin hayaƙi, ya kuma gangara cikin mai ya mayar da shi kunun da ka gani.

Yanzu maganar walda. Ba zan ce maka ba a yi wa alminiyam walda ba, ana yi. Amma aikin da ake yi wa ƙofar gida ko salansar babur daban, wannan daban. Sai an bi tsagar an ƙwaƙule ta har ƙarshenta, a gasa kan injin gaba ɗaya ya ɗauki zafi daidai, a yi waldar da injin da ke amfani da iskar agon, a bar shi ya huce a hankali, sau da yawa a cire mazaunin bawul a sa sabo, a daidaita fuskarsa a injin yankan ƙarfe, sannan a toshe hanyoyin ruwan a hura masa iska a cikin ruwan zafi a ga ko zai yi kumfa. Ka tambayi kanka ko duk wannan zai shiga cikin jaka 60 da kwana uku. Ga kuma abin da walda ba ta magani: alminiyam ɗin da ya sha zafi fiye da kima yana laushi, ya rasa taurinsa, ko an like tsagar sai ya kasa danne gaskit, wato shimfiɗar da ke toshe tsakanin kai da ganga, yadda ya kamata. Na taɓa bin wani ɗan'uwana gareji a kan irin wannan aiki. An yi walda, mota ta tashi lafiya lau, muka yi ta sa albarka. Ba a rufa wata biyu ba, zafin bazara na shigowa, ta koma gidan jiya, kuma sai da aka sake sayen gaskit da notuna da mai, aka sake biyan kuɗin hannu. Tun daga ranar nake gaya wa mutane cewa kuɗin walda ba shi ne kuɗin aikin ba, kuɗin kwancewa da ɗaurawa sau biyu shi ne.

Walda tana da muhallinta: in motar irin wadda ba a samun kayanta ce ko'ina, ko tsagar tana can waje inda wuta ba ta kai. Taka ba ta cikin wannan layi, kuma a nan ne ka yi sa'a. Jikin motarka baƙo ne a titunan Maradi, amma injinta ba baƙo ba ne. In mai lita 3 ce, inji ɗaya ne da wanda ke cikin 330i da 530i da X5 na farkon shekarun 2000, kuma waɗannan an shigo da su ƙasashenmu da yawa. Saboda haka kada ka je kasuwa kana cewa kana neman kan injin motar tsere, nan take farashi zai tashi. Ka je da lambar injin da lambar da aka zuba a jikin tsohon kan, ko ma ka ɗauke shi ka tafi da shi. Ra'ayina ke nan a fili: a wannan injin, kan Beljiyam da aka gwada ya fi walda. Ka lura na ce wanda aka gwada.

Amma kada ka sayi komai tukuna. Akwai binciken da ya zo kafin wannan, kuma shi ne matashin makanikin ma bai ambata maka ba. Notuna 14 ne ke ɗaure kan injin nan, kuma zarensu a cikin gangar alminiyam yake cizo. Sanannen abu ne ga masu gyaran wannan injin cewa bayan zafi mai tsanani zaren yakan yi laushi, sai an zo ɗaurin ƙarshe noti ya tsinko shi ya fito da shi. Mutum ya kashe kuɗi ya sayo kai, ya sayi gaskit, ranar ɗaurawa a ce masa ganga ta ƙi riƙewa. Don haka a fara mayar da tsohon kan da tsofaffin notunan a ɗaure su da cikakken ƙarfinsu, a ga ko ramukan sun riƙe. A aza miƙaƙƙen ƙarfen awo a fuskar gangar a ga ko ta bauɗe. A duba cikin silindoji ko sun karce, a juya injin da hannu a ga ko fistin ɗin duk suna kaiwa sama daidai, domin ruwa ba ya matsuwa, in ya taru a silinda aka tayar da inji yakan lanƙwasa sandar fistin. In zaren ya tsinke, ana huda ramukan a dasa musu zoben zare na ƙarfe, kuma in an yi da kyau yana riƙewa sosai, sai dai aiki ne na mai kayan aikin da ya saba. In kuwa ganga ta bauɗe, ko injin ya yi tafiya mai nisa da gurɓataccen mai har ƙasansa ya fara ƙwanƙwasa, to a nan ne maganar inji sukutum ta zama mai ma'ana. Wannan binciken na wuni guda ne, kuɗinsa kaɗan, kuma shi zai gaya maka ainihin girman ramin da kake tsaye a bakinsa.

Kafin nan ma, yau ɗin nan, ka je garejin ka sa a juye wannan kunun daga cikin injin, a tsane silindoji a shafe su da mai, a rufe da tsumma mai tsabta da leda. Injin da aka bari a buɗe da ruwa a ciki, ga ƙurar garin nan, tsatsa da yashi za su ƙarasa abin da zafi ya fara.

In binciken ya nuna ganga lafiya take, sai a nufi Kano ta Ɗan Isa da Jibiya, a shiga Ƙofar Ruwa da sauran wuraren masu kayan Beljiyam, amma ka fara zagaya masu kayan mota na nan gida, wataƙila abin na kusa. Ka sani shi ma na Beljiyam tsoho ne mai shekara ashirin, kuma wasu ana ciro su ne daga injin da zafi ya kashe. Wanki da fetur yana sa kowane ƙarfe ya yi ƙyalli. Ku yi sharaɗi da mai sayarwa a gaban shaida, a rubuce in zai yiwu, cewa za a kai shi gwajin iska da na bauɗewa, in ya faɗi a canza maka. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin ya riga ya ba ka amsa. A lissafinka kuma ka sa canjin sefa zuwa naira, kuɗin mota, da abin da duwan, wato kwastan, za su karɓa. Ka sa sabon gaskit na kirki, da sababbin notuna, domin irin waɗannan miƙewa suke yi in an ɗaure su, sau ɗaya ake amfani da su. Ɗaurinsu ma da ƙa'ida: a bi su daga tsakiya zuwa gefe, a kai kowanne 40 Nm, wato awon ƙarfin ɗauri, da sifana mai awo, sannan a ƙara masa digiri 90 har sau biyu. In an yanki fuskar kan injin, akwai gaskit da ya fi na asali kauri da milimita 0.3 don cike abin da aka rage. Taimin ɗinsa kuma, wato saita lokacin buɗewa da rufewar bawul, yana da ƙarafan saiti na musamman, ba a yin sa da ido da alli.

Kuma duk wannan asara ce in ba a gano inda ruwan ke bi tun farko ba. Ka ce kowane mako kana ƙarawa. Motar da take lafiya ba ta shan ruwa haka. Tankin ruwan motar nan da bakin lagireto da gidan tamostat duk na roba ne, roba kuwa in ta shekara ashirin tana shan zafi sai ta bushe ta fara tsattsagewa. A duba su duka, da famfon ruwa, da tiyo, da murfin tanki, da fanka. Kada ka yarda a cire tamostat, mai daidaita zafin ruwan inji, a jefar da sunan wai ƙasarmu da zafi, kwamfutar motar da shi take aiki. Kuma ka daina ɗura mata ruwan famfo ko na rijiya zalla, yana barin gishiri a hanyoyin ruwa yana cin alminiyam. Ruwan sanyaya inji na gaske, a haɗa rabi da rabi da tataccen ruwa, a fitar da iskar da ta maƙale.

To mu zo kan ƙanin matarka, don na san nan ne ya fi yi maka ciwo. Ya yi kuskure, ba na rufe masa. Da ya kashe motar a inda ta fara zafi ya kira ka, mai yiwuwa da tiyo ko tanki kawai za a canza. Ci gaba da tafiyar da ɗura ruwan sanyin su suka kai abin ga haka, kuma ɓuyan da yake yi yanzu ya ƙara wa laifin nauyi. Amma kai da bakinka ka faɗi abin da mutane da yawa za su ɓoye, kuma na girmama ka a kan haka: ka ba shi mota mai yoyo, za shi tafiyar fiye da kilomita 100 ya dawo cikin rana, ba ka ce masa uffan ba. Shi ya ɗauka lafiyayyar mota ya karɓa. Ba ma wanda zai iya rantsuwa cewa gaskit ɗin bai fara sallamawa ba tun tana hannunka. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, abin aro irin wanda ba ya ɓoyuwa, kamar dabbar hawa, mai aro ba ya biyansa in ya lalace sai in ya yi sakaci ko ya wuce iyakar abin da aka ba shi izini. A nan akwai sakaci a wajensa, akwai kuma naka. In kana son sanin haƙƙinka daidai, ku zauna gaban malamin da kuka yarda da shi ka faɗi duka, har da maganar ƙarin ruwan.

Ni dai abin da nake ba ka shawara shi ne kada ka bi ta kan matarka. Tana tsakanin mijinta da ɗan'uwanta, duk wanda ta goya wa baya ta yi asara, shi ya sa take cewa a sayar: so take maganar ta mutu. Ka gaya mata yau cewa wannan ba laifinta ba ne kuma ba zai taɓa zamanku ba. Yaron kuma tsoro da kunya ne suka hana shi ɗaukar waya, ya san ba shi da kuɗin. Ka taka ka same shi, ko ka aika babban wansa ya zo da shi. Ka fara da naka: na san motar na shan ruwa, ban gaya maka ba. Za ka ga yadda kafaɗarsa za ta sauka. Sannan ka gaya masa nasa ba tare da tsawa ba, ka ɗora masa wani abu da zai iya ɗauka, ko kuɗin gaskit da mai a biya kaɗan-kaɗan, ko zirga-zirgar Kano da zaman gareji. Kada ka ce ka yafe alhali zuciyarka na tafasa, wannan yafiyar takan fito bayan shekara a wurin suna ko biki. In ka ga za ka iya yafewa da gaske, wannan ya fi, kuma ladanka na wurin Allah.

Dattijon makaniki kuma ba cutar ka yake son yi ba. Ya ƙware ne a zamanin Fijo 504 da tsofaffin Toyota, injuna masu haƙuri da ake gyarawa da sifana da kunne, kuma yana duba aljihunka ne irin na uba. Kada ka kwashe motar daga gabansa da dare kamar ka kama shi da sata. Ka je ka durƙusa ka gaishe shi, ka biya shi kuɗin kwancewar da ya yi, ka ce: Baba, ina tsoron a yi aikin nan sau biyu, ina so a gwada ganga da kan kafin a yanke shawara, kuma ɗaurin yana son kayan awo, wa ka sani da ke da su? Dattijon kirki ba ya jin haushin wannan, sau da yawa ma shi zai nuna maka mutumin, ya kuma tsaya a kan aikin. Matashin ma kada ka ɗauke shi a baki kawai. Ka ce ya nuna maka sifanar awon da ƙarafan taimin, ya kuma faɗa maka injin irin wannan nawa ya taɓa ɗaurawa.

Jarin shago kuwa, kada ka taɓa shi. A nan ba ni da sassauci. Shagon ne ya sayi motar, shi zai gyara ta, shi ke ciyar da gidanka. In ka cinye kuɗin kayan Sallah a gareji, za ka fito da mota mai tashi da shago mai kanta babu kaya. Motar da aka tsane aka shafe da mai aka rufe za ta jira wata uku ba abin da zai same ta. Ka yi cinikin Sallarka, ka ware daga riba, ka sayi kayan ɗaya bayan ɗaya.

Maganar matarka ta sayarwa ma kada ka yar da ita don ta zo cikin kuka. Mota ce mai kujera biyu, kai kuwa mai iyali ne, ga ta a ƙasa-ƙasa, unguwanninmu kuma yashi. Bayan wannan gyaran wani zai zo, haka tsohuwar mota take. In binciken ya nuna sai inji sukutum, kuma kuɗin ya kusa rabin abin da motar za ta yi a kasuwa, ni da kaina zan ce ka sallama ta. In za ka sayar, hanya biyu ce mai tsabta: ko a yadda take ka faɗi aibinta a rage maka kuɗi, ko ka gyara da kyau ka gaya wa mai saye abin da aka yi. Za a sami mai ba ka shawarar a yi waldar araha, a zuba maganin toshe yoyo a lagireto, a kai ta bakin dillalai tun ba ta tona asiri ba. Kada ka saurare shi. Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya cikinmu, kuma kai mai shago ne a garin da kowa ya san kowa.

Mahaifinka bai so motar ba, kuma na san kana gudun ya ce ai na faɗa. Wataƙila ya faɗa ɗin, ka haƙura ka saurara. Ka riga abokinsa kai masa labarin, ka gaya masa ba za ka taɓa jari ba, ka roƙe shi ya sa baki a maganar yaron in ta ƙi daidaituwa. Gobe ka je gareji a juye man a rufe injin, cikin makon nan a gwada zaren ganga, ranar Juma'a bayan an sauko ka nemi ƙanin matarka. In sakamakon gwajin ya fito ka rubuto mini abin da aka gani da farashin da aka ba ka na kai da na inji, mu sake duba lissafin tare. Allah ya rufa asiri, ka gaida iyali.